Ɗinkin da Ya Kwanta a Ƙasan Akwati

Tambaya: Shekara biyu ke nan da na fara ɗinkin bargon ƙyallaye, irin wanda ake harhaɗa guntayen atamfa. A waya na gani ya burge ni, nake karɓo ragowar yanka a wurin telan unguwarmu. Yanzu guda huɗu na fara, ko ɗaya ban kai ƙarshensa ba. Biyu na gama haɗa fuskarsu na ninke, ɗaya ya karkace mini a tsakiya, na huɗun ƙarami ne da na fara ina da ciki, Allah bai yi cikin zai tsaya ba. Duk lokacin da na buɗe akwati sai gabana ya faɗi. Malama, lalaci ne yake damuna?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙurin rashin da kika yi, ya musanya miki da mafi alheri.

Ki fara cire lalaci daga wannan magana. Malalaciya ba ta zama ta yanka ƙyalle ɗaruruwa da almakashi har babban yatsanta ya yi kanta. Na daɗe ina koyar da mata ɗinki, kuma abin da na gani shi ne ɗinki ba ya tsayawa haka kawai, akwai inda ya cije. Sau da yawa idan ɗaliba ta kawo mini wanda ta ajiye, muna warware ninkin sai mu tarar da allurar a soke daidai wurin da matsalar take. Sana'ar ɗinkin bargon ƙyallaye ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila, kuma masu ita a can ma abin yana damunsu, har laƙabi suka yi wa ɗinkin da aka bari rabi, suna ce masa UFO, wato gajarta kalmomin "abin da ba a gama ba" a harshensu. Saboda haka ki fito da naki huɗun ki shimfiɗa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne da ciwonsa.

Biyun da kika gama fuskarsu su ne suka fi ba ni abin faɗa, don a nan mafi yawan mata suke tsayawa. Bargon nan hawa uku ne: fuska, wato guntayen da kika harhaɗa, sai ciko na auduga ko siririn soso a tsakiya, sai shafi a baya. Haɗa fuska daɗi gare shi. Kina zaune bayan isha'i, ki sa ja kusa da shuɗi, ki ga ya ƙi, ki canja, kullum ido yana samun sabon abu. Ranar da fuska ta kammala sai aikin ya sauya kama gaba ɗaya. Yanzu fili kike buƙata da zai ɗauki bargon a miƙe, ki durƙusa ki daidaita hawa ukun kada ɗaya ya tattare, sannan ki bi su da ɗinki su zama abu guda. Keken gida kuma, Butterfly ne ko Singer, tsakanin allurarsa da jikinsa ƙunci ne, tura babban bargo ta wurin sai kafaɗa ta gaya miki.

Abin da ba a nuna miki a waya ba shi ne, wannan mataki tun asali ba aikin mutum ɗaya ba ne. Matan karkarar Amurka a ƙarni na 19 taruwa suke yi, su ɗaure bargon a jikin firam na katako, su zagaye shi kowa da allurarta. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, matan baƙaƙen fata jikokin bayi, waɗanda suke ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona har aka baje kolin aikinsu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York a 2002, su ma kowacce a ɗakinta take haɗa fuska, amma idan aka zo haɗa hawa uku sai a kira maƙwabta. Mu da muke da kalmar gayya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi kansa ɗinkin ciko tsakanin ƙyalle biyu ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: ki dubi 'yan lifidi a hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, rigar nan mai kauri da ke jikin doki da mahayinsa audugar rimi ce aka cusa aka bi da ɗinki.

To, ki sa rana. Ki kira mata biyu ko uku, ko ƙannenki, ki dafa ɗan abin taɓawa. Ku share falo ko tsakar gida, ku shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ku ja shi ya miƙe ku danne kusurwoyin, ku ɗora ciko, ku ɗora fuska. Shafi da ciko su fi fuskar faɗi da kamar inci 3 ta kowane gefe, domin suna shigewa ciki idan aka fara ɗinki. Ku fara ɗinkin riƙo mai dogon taku daga tsakiya ku nufi baki, kada ku fara daga gefe, in ba haka ba duk rarar sai ta taru ta yi tudu a tsakiya. Idan ɗinkin hannu ya yi muku yawa, akwai hanya mai sauƙi da masu sana'ar suka daɗe suna bi: ku sa zare mai kauri a babbar allura, ku soka ya ratsa hawa ukun ya dawo, ku ƙulle ku yanke, ku bar faɗin tafin hannu ku sake. Mutum huɗu za su iya gama bargo guda a yini ɗaya ta haka. In kuwa gayyar ba ta samu ba, ki kai wa tela mai babban keke ko masu ɗinkin kushin ki biya su su bi miki layukan. Babu abin kunya a ciki. Babbar riga ma hannu nawa take bi? Wani ya zana, wani ya yi aikin, wani ya haɗa, wani ya buga.

Na ukun da ya karkace, awo ne. Bari in yi miki lissafi. Bargo mai inci 80 tsawo da faɗi, idan kowane gunto inci 4 ne, layi 20 ke nan, kowane layi gunto 20, jimilla 400. Ana yanka gunto inci 4 da rabi, ɗinki ya ci kwatan inci ta kowane gefe. Idan a wani layi hannunki ya riƙa ƙara ɗaya bisa takwas na inci a kowane ɗinki, abin da ido ba zai kama ba, kafin ki kai ƙarshe layin ya gajarta da fiye da inci 2. Shi ya sa kusurwoyi suka ƙi haɗuwa. Kada ki farke duka, wannan tunanin ne ma ya sa kika ninke shi. Ki sa tef ki auna layukan, za ki tarar biyu ko uku ne suka saɓa, su kaɗai za ki warware. Nan gaba ki yanki kwali mai kauri ki riƙa yanka a kansa, ki manna salatif a jikin keke daidai kwatan inci daga allura ya zame miki iyaka, kuma ki goge kowane ɗinki kafin ki haɗa na gaba. Ni ba na yarda ɗaliba ta tsallake guga.

Akwai wasu abubuwan da ba ki ambata ba amma za ki gamu da su. Ƙyalle yana ƙarewa a tsakiyar aiki, ki je Kantin Kwari neman irin zanen a ce an daina kawo shi. Kada ki ɓata watanni kina nema, ki cike da yadi mai launi ɗaya, ko ki rage burin, abin da aka nufa da bargo ya koma shimfiɗar yaro ko rigar filo. Ki wanke guntaye kafin yanka, don wata atamfar tana zuba. Ga yayyenmu kuma da suka haura shekara 40 suka ji allura ta fita daga ransu, sau da yawa ido ne ya fara kasa ganin kusa, abin da gwajin ido da tabarau suke gyarawa. Kafin ki fara wani sabo, ki ɗinka layi ɗaya kina duba agogo, ki ninka sau 20, ki ga ko kina da wannan lokacin. Ni dai shawarata kada ki sake karɓo ƙyalle wurin telan nan sai ɗaya daga cikin manyan ya hau gado.

Saura ƙaramin. Wannan ba awo ba ne, ba ƙuncin keke ba ne, kuma ba zan ce ki gama shi ba. Na fara wa mahaifina hula, na kai rabi ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Shekara shida tana cikin leda ban iya kallonta ba, sai da wani ɗan yayana mai sunansa ya girma na ɗauko na ƙarasa masa. Naki ma wataƙila ranarsa za ta zo, ko ki ji zuciyarki ta natsu ki ba wata ta ƙarasa a yi sadaka da shi, ko ya zauna yadda yake. Duk wanda kika zaɓa daidai ne.

Abu ɗaya nake roƙon ki yi masa yau. Ki raba shi da sauran ukun, kada ya riƙa tare miki hanya duk sanda kika buɗe akwati neman aiki. Ki naɗe shi a farin ƙyalle mai tsabta, ki sa ɗan kafur saboda ƙwari. Kafin ki naɗe, ki zare allurar da ke jikinsa, domin danshin damina yana sa ta tsatsa, tabon tsatsa kuwa da wuya ya fita daga atamfa.