Malam Zurƙe: Mugu Ne Ko Wanda Aka Zalunta?

Duk wanda ya karanta littafin Ruwan Bagaja, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta don gasar da aka shirya a Zariya cikin 1933, ya san Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yawancin 'yan'uwana ɗalibai sun ɗauke shi mugu, mai bin Alhaji Imam da sharri gari gari. Ni kuwa a ganina ba mugunta ce ta sa shi wannan aiki ba, neman mutuncinsa da aka zubar ne.

Mu duba mafarin rigimar. Alhaji ya shiga gari yana da'awar malanta, alhali ba shi da karatun kirki. Da aka haɗa su a gaban jama'a, sai ya yi wani zane a ƙasa, ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, don abin da ya koya ke nan. Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne. Jahilai suka goyi bayan mai wayo, aka kori mai ilmi. To, wane ne ya fara cutar wani? Malami ba shi da wata dukiya da ta wuce mutuncinsa, shi kuwa aka raba Zurƙe da shi a bainar jama'a. Abin da ya biyo baya ramuwar gayya ce, wadda aka ce ta fi gayya zafi.

Abu na biyu, daga bakin wa muka ji labarin? Daga bakin Alhaji kaɗai, yana ba Koje Sarkin Labari. Mai ba da labarin kansa kuwa ba ya rasa gyara wa kansa zama. Dabararsa wayo ce, ta abokin gabansa makirci. Zurƙe bai taɓa samun damar faɗin nasa ba.

Ban ce Zurƙe ba shi da laifi ba, gama riƙo ba halin malami ba ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga shi kuma daga baya ta bayyana ashe 'yan'uwa ne na jini, halinsu ɗaya.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an kawo mana ƙarar wani, a makaranta ko a gida, kada daɗin bakin mai ƙara ya ruɗe mu. Mu jira mu ji ta bakin Zurƙe tukuna.