Shawarwari Tara Ga Mai Tara Transformers Sabon Zubi

Akwai gidan da in ka shiga falo za ka tarar da kabet ta gilashi, amma maimakon tangaran da kwanukan amarya, motoci ne da jirage na wasa a jere. Ka ɗauki ɗaya, ka lanƙwasa nan, ka murɗa can, sai ga mota ta miƙe tsaye ta zama mutum-mutumi mai kai da hannuwa. Su ne Transformers. Kamfanin Hasbro na Amurka ne ya fito da su da wannan suna a 1984, amma ƙirar ta Japan ce: kamfanin Takara ya riga ya yi su a cikin jerin kayan wasansa guda biyu, Diaclone da Micro Change. Hasbro ya ɗauko su, ya raɗa wa kowanne suna, aka haɗa da katun a talabijin. Yaran da suka yi wasa da su a wancan zamani yau magidanta ne masu furfura, shi ya sa tun farkon shekarun 2000 kamfanonin biyu ke ta sake fito da tsofaffin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar dalma ya san mazubi ɗaya na iya haifar da tukwane ɗari. Haka abin yake a nan. Akwai zubin farko, na shekarun 1980. Akwai sabon zubi, wanda kamfanin da kansa ya sake yi da tsohon mazubi. Sai kuma jabu, wanda wasu suka kwaikwaya ba da izini ba. A ganina sabon zubi shi ya fi dacewa da gidan iyali, domin za ka taɓa shi hankali kwance. Abin da ba na so shi ne mutum ya biya kuɗin zubin farko a ba shi sabo, ko ya biya kuɗin sabo a ba shi jabu.

1. Ka san jerin da kake saye daga ciki. Sabon zubi ba iri ɗaya ba ne, kuma sunan jerin yana jikin kwali. A 2002 Takara ya fara Transformers Collection, mai kwalin da ake buɗewa kamar littafi. A shekarar kuma Hasbro ya fara Commemorative Series, wanda a Amurka kantunan Toys "R" Us kaɗai suka sayar da shi. Bayan Takara ya haɗe da Tomy a 2006, sai aka fara Encore a 2007, kowanne da lambarsa: 01 Convoy, 02 Megatron, 03 Soundwave. A cikin Encore ɗin ne aka dawo da Fortress Maximus a 2013, ƙaton nan na 1987 da tsayinsa ya haura rabin mita. Daga 2018 kantunan Walmart suka samu nasu, a kwali mai kama da na da sak. Kada sunan Convoy ya rikita ka, shi ne Optimus Prime, mai rikiɗa ya zama babbar mota, a bakin mutanen Japan.

2. Juya shi ka karanta hatimin da ke jikinsa. A ƙarƙashin mota, ko bayan ƙafa, ko cikin cinya, akwai ɗan rubutu da aka zuba tare da robar. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Shekarar da ke wurin ta ƙira ce, ba ta zubi ba. Optimus Prime na iya ɗauke da 1980 da 1982 alhali an zuba shi bayan shekara ashirin. Sunan ƙasa ya fi shekara faɗin gaskiya: na farko-farko galibi Japan aka rubuta, sababbin kuwa za ka ga Sin, wasu na baya-bayan nan Biyetnam. Akwai kuma baƙar sitikar nan da in ka goga da yatsa ɗuminsa ke fito da tambarin Autobot ko na Decepticon, wato ɓangarorin Transformers biyu. A 1985 aka fara manna ta, don haka zubin farko marar ita na iya zama na 1984 ne. Amma samunta ba shaidar tsufa ba ce, sababbi da dama suna da ita, masu jabu ma sun iya yin ta.

3. In za ka gwada biyu, ka ajiye su gefe da gefe a kan farin ƙyalle da rana. Wannan shi ne daɗin sha'anin gaba ɗaya, kuma gani ya kori ji. Fara da Optimus Prime. Dubi salansa biyun nan masu ƙyalli da suka miƙe a bayan kan motar. A zubin farko da na Japan dogaye ne. A na Commemorative Series an datse su, sun zama gajeru, saboda dokokin kare yara na Amurka. Ko babban Optimus na cika shekara ashirin da Hasbro ya fitar a 2004 an rage masa salansa, alhali ɗan'uwansa na Japan, MP-1 na jerin Masterpiece da ya fito a 2003, nasa cikakku ne. Dubi kuma 'yan makamai masu linzami na roba da ake harbawa: a na Amurka an tsawaita su don kada su shige maƙogwaron yaro, har wani lokaci su yi wa jirgin tsawo ba kyan gani. Soundwave, wanda ke rikiɗa ya zama rikoda, yana da nasa labarin. Ƙirjinsa ƙofar kaset ce, kuma na 1984 kaset ɗaya yake ɗauka. Wanda Hasbro ya sake fitarwa a 2007 ƙofarsa ta fi tudu, tana ɗaukar biyu, domin an yi amfani da mazubin Soundblaster na Japan na 1987. Shi kuwa Optimus na Walmart na 2019 kan mota ne kawai, babu tirela. Wanda bai sani ba sai ya zaci an cuce shi, ko kuma ya biya kuɗin mai tirela.

Hukuncina a nan a fili yake. In don ado ne a kabet, na Japan ya fi kama da asali. In kuwa hannun yara zai kai gare shi, na Amurka ya fi, domin waɗancan gyare-gyaren da masu tarawa ke ƙorafi a kai saboda yaran aka yi su.

4. Ka yi hattara da jabu, musamman wanda ya zo a kwali sabo fil. Wannan ya taɓa cina. Na ga hoton Mirage, shuɗiyar motar tsere, a wurin wani mai sayarwa ta intanet, kwali a rufe, farashi mai sauƙi. Da ya iso na buɗe, warin roba mai hawa kai ya fara tarbata. Zanen kwalin ya yi dishi-dishi kamar hoton da aka ɗauka daga wani hoton, sitikun sun karkace, ƙafa ɗaya kuma tana lilo ba ta tsayawa. Daga baya na gane abin da ya kamata in sani tun farko: tun da aka shiga zamanin sabon zubi a shekarun 2000, Hasbro ko Takara ba su sake zuba Mirage na 1984 ba, haka ma Wheeljack. Jetfire ma haka, domin ƙirarsa ta wani kamfani ce daban, Takatoku, daga jirgin Valkyrie na katun ɗin Macross. Saboda haka duk wanda ya nuna maka ɗaya daga cikin waɗannan sabo dal a kuɗi kaɗan, ka san inda ya fito. Kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton hatimi, da na kowane gefen kwali, da na abin a tsaye ba tare da an tokare shi ba. Araha ba ta ado. A kasuwar gwanjo kuwa, inda ake kwance dilar kayan wasa daga waje, wani lokaci akan dace da na gaske, sai dai da wuya ya zo da hannuwansa da bindigarsa. Ka saya a matsayin guntu, ka biya kuɗin guntu.

5. Megatron na asali ba na fita waje ba ne. Yana rikiɗa ya zama ƙaramar bindiga ƙirar Walther P38, kuma kamar ta yi yawa. Tun ƙarshen shekarun 1980 dokar Amurka ta wajabta sa alamar ruwan lemo a bakin bindigar wasa, kuma Hasbro bai sake fitar da wannan Megatron a can ba, sai dai na Japan. A yanayin da muke ciki, kada a sa shi a jakar tafiya, kada yaro ya riƙe shi a ƙofar gida ko a cikin mota kusa da shingen bincike. A ajiye shi a siffar mutum-mutumi, a cikin ɗaki.

6. Zafi da rana da ƙura su ne manyan abokan gaba. Waɗanda suka ƙera kayan nan ba su yi lissafin watan Afrilu a Kano ko Zinder ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Farar roba tana komawa ruwan ƙwai in hasken rana ya daɗe yana dukanta, zafi kuma yana ƙara hanzarta abin. Tayoyin roba suna bushewa su tsage. Gam ɗin sitika yana saki, gefenta ya naɗe. Don haka kabet ta yi nesa da taga, kada a ajiye kwali a saman silin ƙarƙashin kwano, kada a manta da shi a cikin mota. Da hunturu, a share ƙura da buroshi mai laushi irin na kwalliya. Kada a goge ɓangaren mai ƙyallin azurfa da tsumma mai kaushi, domin fenti ne siriri a kan roba, yana gogewa ba ya dawowa. Fetur da kananzir da sinadarin goge farce duk suna cin roba. Jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗigon sabulu ya isa, shi ma a kauce wa sitika da sukurori, tunda ƙarfe yana tsatsa. Masu amfani da batir irin su Omega Supreme, a cire musu batir kafin a ajiye, in ya zubar da ruwansa ya cinye wayoyin ciki.

7. Rikiɗar farko a yi ta a zaune, da takardar bayani a buɗe. Mazubin da ya shekara talatin ko arba'in yana aiki ya gaji, shi ya sa wani sabon zubin ke zuwa da gaɓa mai tauri ko mai sako-sako fiye da na da. In gaɓa ta ƙi motsi, kada a gwada mata ƙarfi. Sau da yawa sassauta sukuru ɗaya kaɗan ya wadatar. A kama kusa da mahaɗar, ba can ƙarshen hannu ko fiffike ba. Akwai kuma wata roba mai ruwan zinariya da ɗan walƙiya a ciki da aka yi amfani da ita a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Da tsufa takan yi gautsi ta farfashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, ko ba a matsa mata ba. Black Zarak na 1988 da Electro na 1994 sun yi suna a kan haka. In irinsu ya shigo hannunka, ka bar shi a siffar da ka same shi.

8. Ƙananan sassa su ne rabin darajar abin. Hannuwan Optimus biyu cire su ake yi in zai zama mota, kuma su ne farkon ɓata. Kowane mutum-mutumi a ware masa 'yar leda mai zif, a rubuta sunansa, a zuba hannuwa da bindigogi da takardar sitika. A sanar da uwargida da duk mai share ɗaki cewa ɗan baƙin abin nan da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ba shara ba ne. Gidan da ke da mai rarrafe ko yaro ƙasa da shekara uku, waɗannan ledoji su hau can sama inda hannu ba ya kaiwa, domin abin da ya shiga hannun jariri bakinsa ya nufa. A kuma samu ɗan littafi a riƙa rubuta suna, da jeri, da shekarar fitowa, da abin da aka biya.

9. Ka yanka wa sha'awar nan kasonta, kada ta taɓa kuɗin cefane ko na makaranta. Ban yarda a ɗauki sabon zubi a matsayin jari ba. Mazubin yana hannun kamfani, duk ranar da ya ga dama zai sake zubawa, farashin wanda ka ɓoye ya sauko. Devastator, wanda motocin gini shida ke haɗuwa su tayar, ya fito a 1985, ya dawo a Encore a 2011, ya sake dawowa a Walmart a 2018. Ka haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan kafin ka ce abu ya yi sauƙi. Kuma maimakon bin kowane suna, ka zaɓi gwani ɗaya ko biyu ka bi zubinsu daban-daban, a nan ne idonka zai buɗe. Ka lura kuma da jerin Missing Link da Takara Tomy ya fara a 2024, shekarar da Transformers suka cika arba'in. Convoy ɗinsa ya yi kama da na 1984 ƙwarai, amma sabuwar ƙira ce mai ƙarin gaɓoɓi, ba tsohon mazubi ba, don haka gwada shi da na da gwajin ƙira biyu ne.

Wanda zai fara da guda ɗaya, ni Soundwave nake ba shi shawara. Jikinsa da ƙwari, rikiɗarsa ba wuya, sassansa kaɗan ne. Ka buɗe kwalin, ka zaunar da yaranka a tabarma, ka danna maɓallin kafaɗarsa ƙofar ƙirji ta buɗe, ka miƙa musu kaset ɗin su mayar da shi tsuntsu da hannunsu. Yawancinsu ba su taɓa ganin kaset ba, sai ka fara yi musu bayani daga nan.