Darasi: Mai Gida da Baƙon Haya

Idan muka ƙetare gadar Kogin Kaduna muka yi kudu, za mu iske Kakuri da Makera da Barnawa. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa tana wannan ɓangare. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, sai mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyuka neman aiki, kowa yana bukatar ɗakin kwana. Masaƙar ta rufe a 2002, amma haya ba ta mutu ba. Har yau akwai masu zuwa biki, ko jinya, ko hutu, su kama ɗaki na mako ɗaya ko wata ɗaya.

A zamanin da, fatake sukan sauka wurin mai masauki. Shi zai ba su ɗaki, ya tsare musu kaya. Amana ce ta riƙe wannan sana'a. Yanzu ga amana, ga kuma doka. To, me ya wajaba a kan mai gida?

Na ɗaya, ya san baƙonsa. Ya rubuta sunansa da garinsu. Yana da kyau ya sanar da mai unguwa.

Na biyu, a faɗi kuɗin haya da yawan kwanaki tun farko. Malamanmu na fiƙihu sun ce haya ba ta inganta sai an san lada, an san lokaci. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kowa ya sa hannu.

Na uku, duk kuɗin da ya karɓa ya ba da rasit, ya ajiye kwafi.

Na huɗu, ya gyara gidansa. Ya toshe yoyo kafin damina, ya rufe bakin rijiya, ya tsabtace makewayi, ƙofa kuma ta kasance da kuba mai kyau.

Na biyar, kada ya kori ɗan haya da ƙarfi. Cire ƙofa, ko kwaye rufi, ko watsar da kaya waje, duk laifi ne. Idan ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biya wata-wata na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara na wata 6. In lokacin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa notis na kwana 7, sa'an nan a kai ƙara kotu. Alƙali ne mai fitarwa, ba mai gida ba.

Baƙo shi ma da nasa. Ya biya a kan lokaci, ya biya abin da ya fasa, kada ya sa wani a ɗakin ba da izini ba.

A ce baƙo ya rantse ya biya wata biyu, mai gida ya ce ɗaya ne. Wa alƙali zai gaskata? Mai rasit. Wanda bai iya karatu ba yakan dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba, har ya yi asarar kuɗinsa. Shi ya sa muke zuwa aji, jama'a.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe masaƙar Kaduna?
2. Notis na wata nawa ake ba mai biya shekara-shekara?
3. Wa ke da ikon fitar da ɗan haya?
4. Rubuta rasit na hayar ɗaki ɗaya, da kwanan wata.