Bikin Kirsimeti da Ba Zai Kai Ku Asibiti Ba

An cire doya a Salaga da Yendi, gero da dawa sun shiga rumbu a ƙasar Bawku, hunturu ya sauko da ƙurarsa, yara kuma sun fara ƙirga kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti, wanda mutanen kudu ke kira Buronya.

Ni nas ce, na kusa shekara 20 a aikin asibiti, kuma ga abin da na lura da shi: yawancin ciwon da ake kawo mana a ƙarshen Disamba da farkon Janairu, hidimar biki ce ta haife shi. Yaro mai zawo, jaririn da ya ƙone, uwar da jininta ya hau, saurayin da ya faɗi da babur. In an bi sawu, sai a tarar gidan ya ɗauki hidimar da ta fi ƙarfinsa, mace ɗaya ce kuma take ɗauke da ita.

Wata shekara, kwana biyu bayan Kirsimeti, aka kawo mana wata mata a bayan keken kaya mai ƙafa uku. Bakinta ya karkace, hannunta na dama ba ya motsi. Mun san ta, a wurinmu take karɓar maganin hawan jini. Ashe katin inshorarta ya ƙare tun Nuwamba, kuɗin da za ta sabunta shi kuwa ta kai wa tela. Maganinta ya ƙare, ba ta gaya wa kowa ba. Kwana uku tana bakin murhu tana girka wa baƙi, ba barcin kirki. Ta rayu, mun gode wa Allah, amma har yau tana jan ƙafa. Kayan yaran kuwa, kafin wata shekara sun yi musu kaɗan.

A zauna tun da wuri

Ranar Lahadi ta farko a Disamba, bayan an taso daga sujada, maigida da uwargida ku zauna ku biyu, ku faɗa wa juna gaskiyar abin da ke hannu. Kafin ku yi maganar akuya ko atamfa, ku fara ware kaso uku: na magani da katin inshorar lafiya, na makarantar yara a Janairu, da hatsin da zai kai ku kaka mai zuwa. Abin da ya rage, shi ne na biki. In kaɗan ne, to, bikin bana ƙarami ne, ba abin kunya ba ne.

Maganar hatsi ita ce babba. Mu a nan arewa damina ɗaya muke da ita a shekara. Buhun da kuka sayar a Disamba, lokacin da kasuwa ta cika kaya ya yi araha, shi za ku sake saya da tsada a Yuni ko Yuli, in ma akwai kuɗin. A waɗannan watanni ne ake kawo mana yara sun rame, gashinsu ya yi ja, ƙafafunsu sun kumbura. Wanda ya karɓi bashi ko ya cinye kuɗin adashi domin kwana ɗaya, shi ma hanyar da ya bi ke nan.

Katin inshora kuwa ba sai kun je ofis kun yi layi ba. A wayar hannu ku danna *929#, ku biya da kuɗin waya. Kada ku bari ya daɗe da ƙarewa, domin wani lokaci sai an jira kafin ya sake aiki. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai farfaɗiya, mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, ya zo ya karɓi maganinsa kafin 20 ga wata. Mai ciki kada ta tsallake ranar awo saboda kasuwa.

Tufafi: ɗinki ɗaya ya ishi yaro, a sa tela ya bar masa wurin girma. Manya ku wanke na bara ku goge. Ni kaina na yi Kirsimeti uku da zane ɗaya, ba wanda ya hana ni shiga majami'a.

Tukunya ɗaya

A nan ne na fi so ku saurare ni, mata. Ba dole ba ne a yi sakwara, a yi tuwo, a yi dafa-duka, a yi wake da shinkafa duk a rana ɗaya. Ku zaɓi abinci ɗaya da miya ɗaya mai kyau. Zabi biyu ko kaza sun isa gida. In ana son akuya, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su raba, kowa ya dafa nasa a ranar. Kada ku yanka dabba marar lafiya, kada ku ci wadda ta mutu da kanta, ko da an ba ku kyauta. A 2023 cutar dabbobi da likitoci ke kira antiraks ta ɓulla a yankin Binduri kusa da Bawku, har ta kama mutane.

Abin da ya sa nake cewa a rage girki shi ne, yawancinmu ba mu da firiji. Dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye ya huce, ƙwayoyin cuta suna fara yawa a ciki, ko da bai yi wari ba. Shinkafar da ta kwana tana da haɗari sosai. Sanyin safiya yana ruɗin mutane, amma da rana ta take, zafi ne. In abinci ya saura, a tafasa shi sosai har ya yi tururi kafin a ci, kada a ɗumama shi sama-sama. Wuƙa da kwanon da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa tumatir ko albasa. Na san maƙwabtanmu Musulmi suna aiko mana da nama ranar Layya, mu ma muna so mu rama alheri. Ku zuba musu tun abincin yana da zafi, yara su kai nan take, a rufe.

Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen magi kuwa yawancinsa gishiri ne. Ku rage shi, ku ƙara daddawa. Maimakon katan na lemon kwalba, a dafa zoɓo da citta, sukari kaɗan.

Kai kuma maigida, ɗiban ruwa da faskare da figar kaza ba sa rage girman namiji. Samari su daka sakwara. A kuma zaɓi babba ɗaya, kaka ko inna, wadda aikinta a ranar shi ne riƙe ƙananan yara nesa da murhu. Da hunturu yara suna matsowa kusa da wuta, uwa kuma hankalinta yana kan tukunya. In yaro ya ƙone, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kawo shi. Kada a shafa ƙwai, ko toka, ko man goge baki. Mu ne muke kankare su daga baya, yaron yana ihu.

Baƙi da tafiya

'Ya'yanku da ke Kumasi da Accra ba sai duk sun taso ranar 24 ga wata ba, lokacin da kuɗin mota ya hau, direbobi kuma suna gudu cikin hazo don su ƙara sawu. Wanda zai iya ya zo da wuri, ko ya bari sai bayan sabuwar shekara. Mai zuwa Salaga ta Yeji da Makango ya jira babban jirgi, kada ya shiga kwalekwalen da aka cika maƙil. Wanda ya sha fito ko akpeteshi kada ya hau babur, kada kuma ku ba shi yaro ya goya. Hular kwano a kai ake sa ta, ba a hannu ba.

In baƙi sun yi yawa, kada a cusa su ɗaki ɗaya a toshe taga saboda sanyi. Daga yanzu har zafin bazara lokacin sanƙarau ne, cunkoso kuma yana taimakon yaɗuwarsa. A bar taga a buɗe, a ƙara mayafi. Kada a kwana da gawayi mai ci a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa ba ya wari, amma yana kisa.

Ranar kanta

Abin da ba na so ku rage shi ne sujada. Na sha ganin bencin mata rabinsa babu kowa ranar 25 ga Disamba, domin suna gida suna tuƙa tuwo. Ku jiƙa wake, ku niƙa kayan miya tun jajibere, ku je majami'a dukanku, uwa ma a ciki. Da yamma yaro mai karatu ya karanta wa gida labarin haihuwar Yesu a Luka sura 2, a yi waƙa, a kai kwano ɗaya wa gwauruwa ko majinyacin da ba shi da kowa. Sa'an nan a kwanta da wuri.

Ku ajiye ƙullin ORS biyu ko uku da ƙwayar zinki a gida tun yanzu. In yaro ya fara zawo, a haɗa yadda aka rubuta a jikin takardar, a ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono. Amma in ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko akwai jini a kashinsa, kada ku jira gari ya waye. Haka kuma zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, ko babba da bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe, ko mai ciki da ta ga jini. Akwai ma'aikaci a bakin aiki ranar Kirsimeti, dare da rana. Ku zo da katinku da sauran maganin da majinyacin yake sha.