Abin Da Ke Hana Macijin Gardi Cin Abinci

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san gardawa. A bakin kasuwa, ko a tasha, ko kuwa da bukin salla, sai a ga gardi ya sauke akwatinsa, makaɗi na kiɗa, ya fid da kumurci ko gamsheƙa yana wasa da su, yara da manya sun kewaye shi. Wasan a ke gani, ba a ganin wahalar da ke bayansa. Babbar wahalar mai ajiye maciji kuwa ita ce ciyarwa. Sau da yawa maciji ya kan ɗauke baki, a jefa masa ɓera ko kwaɗo ya ƙi ko kallo, mako ya wuce, wata ya wuce. Sai mai shi ya ce ciwo ne, ko kuwa wani abokin sana'a ne ya yi masa asiri. Alhali kuwa mafi yawan lokaci ba haka ba ne.

Ba gardawa kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka da ƙasashen Turai akwai masu kiwon macizai cikin gida don sha'awa. Wadda suka fi so ita ce wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta ji tsoro, a kan kai musu ita daga Togo da Binin da Gana. Ita ma an san ta da ƙin abinci, har ta yi watanni.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Akwai ruwansa ƙwarai. Halin macijin akwati shi ne halin wanda ke kwance a gindin rumbu. Wanda ya san lokacin cinsa, da lokacin ƙin cinsa, da lokacin saɓarsa, ya san lokacin da ya kamata ya yi hattara.

Yadda Maciji Ke Ci

Maciji ba ya tauna. Haƙoransa na riƙewa ne, sun lanƙwasa baya, abin da ya shiga ba ya fita. Muƙamuƙinsa na ƙasa kashi biyu ne, wata jijiya mai miƙewa ce ta haɗa su, shi ya sa ya ke haɗiye abin da ya fi kansa kauri. Ya kan fara ta kai, don ƙafafu da gashi su kwanta. Nama kaɗai ya ke ci: ɓera, da kwaɗo, da ƙadangare, da 'yan tsaki, da ƙwai. Tuwo ko nono ba abincinsa ba ne.

Kuma ba kullum ya ke ci ba kamar akuya. Ɗan ƙarami ya kan so abinci sau ɗaya cikin kwana 5 zuwa 7. Babba, sau ɗaya cikin kwana 10 zuwa 14 ya ishe shi. Mesa in ta haɗiye babbar dabba ta kan yi makonni, har watanni, ba ta nemi wani abu ba. A shekarun 1990 waɗansu masana biyu a Amurka, Stephen Secor da Jared Diamond, sun bincika cikin mesa. Sun tarar hanjinta ya kan tsuke sa'ad da babu abinci, in ta ci kuma ya yi kusan ninki biyu cikin 'yan kwanaki. Watau an halicce ta da jure yunwa. Sabo da haka ƙin abinci na mako biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ne.

Sanyi

Dalili na farko da ke sa maciji ɗauke baki shi ne sanyi. Mutum da saniya da kaza jikinsu na yin zafin kansa. Maciji ba haka ya ke ba, daga rana da ƙasa ya ke samun ɗumi, da wannan ɗumin kuma ya ke narkar da abinci. Masu kiwo sun tarar ya fi son wajen awo 30 a ma'aunin zafi na Salsiyas. A Katsina kuwa, cikin Disamba da Janairu, in hunturu ya kama, sanyin dare ya kan sauko ƙasa da awo 15. In maciji ya haɗiye ɓera cikin irin wannan sanyi, ɓeran zai ruɓe a cikinsa kafin ya narke, ko ya amayar, ko ya mutu. Ƙin cin da ya ke yi kiyaye ransa ne.

Maganin abin, kada a ajiye akwati bisa daɓe mai sanyi, a sa shi a ɗaki mai ɗumi. Da hantsi a fid da shi, rabi a rana rabi a inuwa, don macijin ya zaɓi wurin da ya so. Amma kada a bar shi cikin ranar bazara, domin zafi ya fi sanyi saurin kashe shi.

Saɓa

Dalili na biyu shi ne saɓa. Fatar waje ta maciji ba ta girma tare da shi, tilas ya tuɓe ta. Ƙarami ya kan yi saɓa kusan kowane wata ko wata ɗaya da rabi, babba kuwa sau kaɗan a shekara. Alamarta a fili ta ke. Da fari jikinsa zai dushe. Sa'an nan idanunsa su yi hazo-hazo, kamar an ɗiga musu nono. Dalili kuwa, maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, shi ma tare da sauran fatar ya ke fita. Bayan 'yan kwanaki idon zai washe, a ƙara waɗansu kwanaki kaɗan sai ya goga hancinsa jikin dutse ko itace, fatar ta tsage, ya zare jikinsa ya bar ta a juye kamar an tuɓe safa. Duka-duka mako ɗaya zuwa biyu ne.

Cikin waɗannan kwanaki ba ya gani sosai, ba ya ci, ga saurin fushi. Abin da ya kamata, a ƙyale shi. A sa masa ruwa cikin kaskon da zai iya shiga, da ɗan dutse mai kaushi. Iskar hunturu busasshiya ce, ta kan sa saɓa ta manne. In ta maƙale a bakin wutsiya sai ta shaƙe ta har ta bushe ta faɗi, in a ido ne ta hana shi gani. Kada a ɓare ta da hannu, a sa masa jiƙaƙƙen tsumma cikin akwati, shi zai fid da ita da kansa. Da ya gama, yunwa za ta taso masa.

Akwai kuma lokacin haihuwa. Macen da ke ɗauke da ƙwai ba ta cika ci ba. Mesa ta kan naɗe ƙwanta wata biyu ko fiye, ba ta ci kome ba.

Laifin Mai Shi

Dalili na ƙarshe daga hannun mutum ya ke. Macijin da aka kamo daga daji jiya, aka cusa shi cikin 'yan'uwansa ba wurin ɓuya, ana fid da shi a kasuwa kullum, ba zai ci ba. Wanda aka ɗauka ana juyawa bayan ya ci, zai amayar, sai a ba shi kwana biyu ko uku ya huta. Ɓera mai rai in aka bar shi ya kwana da macijin da ba ya jin yunwa, shi zai ciji macijin. Ɓeran da ya ci guba kuwa, guba ce aka ba maciji.

Mafi muni shi ne fasa haƙoran dafi, ko ɗinke baki. Bakin ya kan kumbura ya yi ruwa, macijin ya rame har ya mutu. Kuma ba tsira aka yi ba, domin haƙoran su kan sake fitowa cikin 'yan makonni, jakar dafin kuwa tana nan. A Indiya, inda wasa da maciji ya daɗe, an kafa dokar kiyaye namun daji a 1972, ta hana kama su don wasa.

Ana bambanta mai azumi da marar lafiya. Mai azumi jikinsa a cike ya ke, harshensa na fita yana komawa. Marar lafiya ƙashin bayansa ya kan fito, fata ta saki, baki a buɗe da majina, wani lokaci da kaska a ƙarƙashin ɓawo. Wannan sai likitan dabbobi.

Abin Da Manomi Zai Riƙe

Na ɗaya, inda ɓera ya ke nan maciji ke zuwa. A share gindin rumbu, a toshe ramuka, a nisantar da tarin kara da itace daga ɗakin kwana. Macijin da ke can daji kuwa, ɓerayen da ke ɓarnar hatsi ya ke ragewa, ba lalle ne a bi shi a kashe ba.

Na biyu, wanda ya ga sabuwar saɓa a bakin rumbu ko akurki ya sani mai ita na kusa, kuma da yunwa ya fito.

Na uku, da kaka da hunturu macizai su kan shige ƙarƙashin dami, da cikin suri, da safe su fito shan hantsi. Sanyi ya kashe musu jiki, ba su gudu, sai a taka su. Kasa ma ko da yaushe haka ta ke. A ɗaga dami da sanda, a sa takalmi mai rufe ƙafa, a riƙa tocila da dare. Kan macijin da aka sare kuma kada a taɓa shi da hannu, ya kan yi sara.

Na huɗu, in sara ya auku, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti nan da nan. Saran kububuwa, wadda a ke kira gobe da nisa, da fari ya kan yi kamar ba kome, daga baya jini ya ƙi daskarewa. Allurar maganin dafi ce ke tsai da shi, irin wadda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna da ita. In kumurci ya tofa wa mutum dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. A lissafinta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, da yawansu kuwa manoma ne da makiyaya. Laya da garin magani ba su sauko da wannan lissafi ba. Sanin halin maciji, da takalmi, da saurin zuwa asibiti, su ne rigakafin.