Kaluluwar Wuya

Wata rana wani yaro a Unguwar Gai ya tashi da safe, ya shafa wuyansa, sai ya ji wani ƙululu kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin kunne. Kakarsa ta taɓa, ta ce, "Kaluluwa ce. Kawo kanka in gani." Da ta duba, sai ga ƙurji ya yi ruwa, wanda ya yi ta susa da ƙazamin farce.

Tsohuwar nan ta san abin da take yi. Kaluluwa alama ce, ciwon yana wani wuri kusa da ita.

A wuyan kowane mutum, da hammatarsa, da gindin cinyarsa, akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu laushi. Aikinsu kamar na masu tsaron ƙofar gari ne. In ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, su ne ke tare su, su yi ta faɗa da su, har su kumbura. Kumburin nan shi ne kaluluwa. Abin da ya fi kawo ta a wuya shi ne ƙurajen kai, da makero, da ƙwarƙwata, da ciwon haƙori ko kunne ko maƙogwaro.

To, maganinta shi ne a yi maganin abin da ya ta da ita. A wanke ƙurjin da sabulu da ruwa mai tsabta, a kai yaro wurin malamin asibiti. In ƙurji ya warke, kaluluwa takan saɓe da kanta. Kada a matsa ta, kada kuma a bari a tsaga ta da aska ko a yi mata sakiya.

Amma akwai wadda ba ta saɓewa, ita ce abin tsoro. A shekarun 1930 ma'aikatan lafiya sun riƙa bin garuruwan Arewa suna shafa wuyan mutane, domin kaluluwar ƙeya alama ce ta ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. A zamaninmu kuwa, tarin fuka aka fi zargi. Tasa ba ta cika zafi ba, sai dai ta yi ta girma, yaro yana ramewa, yana gumi da dare.

Saboda haka in kaluluwa ta wuce mako biyu, ko ta yi tauri, a tafi asibitin Rano a gwada. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne, amma sai an sha shi kullum har wata shida.