Iskar Gawayi da Haihuwar Taurari

A wannan mako darasinmu ya tafi sama. Duk tauraron da muke gani da dare, har da Kaza da 'Ya'yanta, daga gajimaren iskar gas aka samo shi. Ita ma ranarmu haka ne. Taurari suna zama rukuni-rukuni, ana kiran kowane rukuni galaksi, kuma a cikin namu kaɗai akwai taurari fiye da biliyan 100. In masana suna son sanin ko wani galaksi mai nisa zai ci gaba da haifar taurari, sai su auna yawan gas ɗin da ya rage masa, kamar yadda ake leƙa rumbu.

To, ga matsala. Mafi yawan wannan gas haidirojin ne, wanda ƙwayoyinsa ke haɗuwa biyu-biyu. Sanyinsa ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili, kuma a wannan sanyi kusan ba ya fitar da wata alama. Sai masana suka koma bin sawun wata iska da ke tare da shi, wato kabon monoksaid. Mun san ta! Ita ce gawayi da janareto ke fitarwa, ba ta da wari, kuma tana kashe mutum in ya kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Don Allah a riƙa barin taga a buɗe.

A sararin samaniya wannan iska tana fitar da igiyar rediyo mai tsawon milimita 2.6. A 1970 aka fara kama ta, a gajimaren Oriyon. Abin da ake kama ta da shi faranti ne irin dish ɗin gidan kallon ƙwallo, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A ƙasar Chile akwai ALMA, mai faranti 66 da ke aiki tare kamar ido ɗaya.

Wurin da ya fi burge mu shi ne yadda ake gane nisa. In tirela ta wuce ta cikin Tambuwal ta nufi Jega, ƙararta takan yi kauri yayin da take nisa. Kusan haka igiyar galaksi mai nisa take miƙewa kafin ta iso, domin sararin samaniya yana faɗaɗa. Gwargwadon miƙewar, gwargwadon nisan. Wata igiyar ta yi shekara fiye da biliyan 10 a hanya, ke nan ta taso tun ba a yi duniyarmu ba.

Wani zai ce, me ya hana a kafa irin wannan a Kebbe, ga fili ga sarari? Ruwan da ke cikin iska ne ke shanye igiyar. Shi ya sa aka ɗora ALMA a hamadar Atakama, a tsayin mita 5,000, inda ma'aikata kan yi amfani da iskar oksijin ta kwalba. Gana dai ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na binciken sama a 2017, kodayake wasu igiyoyin dabam yake saurare.